Koyon Zanen Fuska da Fentin Mai ta Hanyar Kwaikwayon Aikin Gwanaye

Duk wanda ya saba shiga fadojin sarakuna, ko ofisoshin manyan ma'aikata, ko falon wani attajiri a Kano ko Kaduna, ya taɓa cin karo da hoton mutum rataye a bango wanda ba na'urar ɗaukar hoto ce ta yi shi ba. Idan ka matsa kusa za ka ga sawun buroshi, ka ga inda fenti ya yi kauri a goshi da karan hanci, ya kuma yi siriri a inuwar da ke ƙarƙashin haɓa. Wannan shi ne zanen fuska da fentin mai. Akan bayar da shi kyauta ranar naɗin sarauta ko walimar ajiye aiki, kuma wanda aka yi bisa ƙa'ida yakan zarce mai shi da ɗaruruwan shekaru a duniya.

Hanya mafi daɗewa ta koyon wannan sana'a ita ce kwaikwayo, wato ɗalibi ya zaɓi zane guda na wani gwani da ya shuɗe, ya sake yin sa tun daga tushe, yana bin matakan da gwanin ya bi. Bahaushe ba baƙon wannan hanya ba ne. Ɗan makarantar allo yana kallon rubutun malaminsa ne yana bi har hannunsa ya faɗa. Mai ɗinkin babbar riga ba ya ƙirƙiro aska takwas da kansa, sai ya yi shekaru yana bin zanen da ya tarar kafin a yarda ya ƙara wani abu nasa. Na gaba idon na baya.

Mene ne fentin mai?

A kasuwanninmu, idan ka ce a ba ka fentin mai, gwangwanin da ake shafa wa ƙofa da taga za a miƙo maka. Ba shi ake nufi a nan ba. Fentin mai na masu zane garin launi ne da aka niƙa shi da man da ke bushewa, galibi man linsid, wanda ake tatsa daga 'ya'yan tsiron da ake saƙa lilin da zarensa. Wannan mai ba ya bushewa kamar yadda ruwa ke tsanewa. Iska yake sha a hankali har ya daskare ya zama wata fata mai ƙarfi da ke riƙe launin. Shi ya sa yake ɗaukar kwanaki kafin a iya taɓa shi, da watanni kafin ya bushe har ciki. Wannan jinkiri shi ne amfaninsa, domin yana bai wa mai zane damar narkar da wani launi cikin wani, yadda haske zai gangaro daga kunci zuwa inuwa ba tare da an ga iyaka ba. Fuska kuwa kusan dukkanta irin wannan gangara ce.

Ba Turawa ne suka fara shi ba. A shekarar 2008 masu bincike suka bayyana cewa sun gano launin da aka haɗa da mai a jikin kogunan Bamiyan na ƙasar Afganistan, wanda aka shafa tun wajajen ƙarni na 7. Amma a Turai ne sana'ar ta kai ƙololuwa, musamman a hannun Jan van Eyck, wanda ya rasu a birnin Bruges na ƙasar Beljiyam ta yau a 1441. Yana da wani ɗan ƙaramin zane na 1433 da ke Landan, wanda aka fi sani da mutum mai jan rawani, ko da yake abin da ke kansa irin hular zamaninsu ce da ake naɗawa. Har yau ana iya ganin tsiron gemun mutumin ɗaya bayan ɗaya. A da, yaran gida ne ke niƙa launi a kan dutse kullum safiya. Sai a 1841 wani Ba'amurke mai suna John Goffe Rand ya ƙago 'yar robar ƙarfe mai matsewa, irin ta man goge baki, wadda ake sayar da fentin a cikinta har yanzu.

Yadda kwaikwayo ya zama makaranta

Wajajen shekarar 1400 wani mai zane ɗan Italiya, Cennino Cennini, ya rubuta littafin koyar da sana'a. Shawararsa ga ɗalibi ita ce ya nemi gwanin da ya fi kowa, ya lizimci kwaikwayonsa shi kaɗai, kada ya riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan har ya rasa na kamawa. Manyan da suka zo bayansa ba su ji kunyar bin wannan hanya ba, ko bayan sun yi suna. Rubens ya riga ya shahara a duk Turai lokacin da ya je Madrid a 1628, amma ya zauna yana kwaikwayon zanen Titian da ke fadar sarkin Sifaniya ɗaya bayan ɗaya. John Singer Sargent, wanda ya zama babban mai zanen fuskokin masu hannu da shuni a Ingila da Amurka, ya je Madrid a 1879 ya kwaikwayi Velázquez. Van Gogh kuwa, a shekarar ƙarshe ta rayuwarsa yana jinya a wani asibiti a kudancin Faransa, ya riƙa sake zana ayyukan Millet daga bugaggun hotuna marasa launi, yana sa musu launin da ya ga dama.

Kwaikwayon bai tsaya a hanya ɗaya ba. A fadar sarakunan Mughal na Indiya, wani yaro mai suna Abul Hasan ya kwaikwayi wani sashe na aikin Dürer Bajamushe a 1600. Bayan kimanin shekara 50, Rembrandt na ƙasar Holan ya zauna a Amsterdam yana kwaikwayon ƙananan hotunan sarakunan Mughal, har da Shah Jahan wanda ya gina Taj Mahal, kuma fiye da 20 daga cikin waɗannan zane-zane na alƙalami suna nan har yanzu.

Gidan tarihi na Louvre da ke Paris, wanda aka buɗe a 1793, ya bai wa masu kwaikwayo wuri tun farkonsa, kuma bai daina ba. Akan ba mutum izini na ɗan lokaci ya kafa allonsa a gaban zanen asali, bisa sharuɗɗa: girman aikinsa ya bambanta da na asalin, kada ya kwaikwayi sa hannun gwanin, kuma a buga wa ƙyallensa hatimi. Za mu dawo kan dalilin waɗannan sharuɗɗa.

Daga Onabolu zuwa Zariya

A Nijeriya ma da kwaikwayo aka buɗe ƙofar. Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882, ba shi da malamin zane. Hotunan da ke cikin mujallu da littattafan Turawa ya riƙa kwaikwaya tun yana yaro, ya ci gaba da haka yana aikin akawu a Legas, a zamanin da masu mulkin mallaka da yawa ke ganin baƙar fata ba zai iya zana mutum ya fito kamar shi ba. Ya ƙaryata su da aiki, manyan Legas suka riƙa zama a gabansa yana zana su. Sai a 1920 ya samu zuwa Landan da Paris ya yi karatun sana'ar, ya dawo a 1922 ya shiga koyarwa a makarantun Legas. Matsin da ya yi wa gwamnati na cikin abin da ya sa aka kawo wani malamin zane Bature, Kenneth Murray, a 1927, kuma Ben Enwonwu ya yi karatun zane a hannun Murray.

Arewa ta shigo labarin a 1955, lokacin da aka mayar da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya. Wannan kwaleji ce ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Manhajar irin ta makarantun zane na Ingila ce, mafi yawan malaman ma Turawa ne, ko da yake akwai Clara Ugbodaga-Ngu, 'yar Nijeriya, a cikinsu. Ana koyar da sassan jikin mutum, da yadda abu ke ƙanƙancewa idan ya yi nisa, da zana mutum yana zaune a gabanka.

A 1958 wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Daga cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke. Daga baya aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya, sunan da ya ɗan zarce abin da suka yi. Ba su ƙi fentin mai ba, ba su kuma ƙi koyon dabarar Turawa ba. Abin da ya dame su shi ne a ce ƙasa na shirin karɓar 'yancin kai, amma ɗalibinta ya gama karatun zane bai san komai ba game da zanen kakanninsa. Matsayarsu, wadda Uche Okeke ya rubuta a 1960, ita ce a ɗauki dabarar da aka koya a haɗa ta da gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, ya kuma zana masallata ranar Juma'a a 1961. Abokin karatunsu Jimo Akolo ya zana mahayan Fulani da makaɗan Hausa. Ƙungiyar ta watse a 1961 da manyanta suka gama karatu, amma tambayar da ta yi ba ta watse ba, kuma duk mai kwaikwayon gwanayen Turai a yau zai tarar da ita a gabansa: idan ka iya, wa za ka zana?

Akwai wanda ya ba da amsa ta wata fuska. Kehinde Wiley, Ba'amurke wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, ya gina sunansa ne a kan ɗaukar tsayuwa da fasalin sanannun zanen Turai yana sa samari baƙaƙen fata a gurbin sarakuna da janar-janar. A 2005 ya sake yin zanen Napoleon bisa doki yana ƙetare duwatsu, ya ɗora wani baƙin saurayi a kan sirdin. Shi ne ya zana hoton Barack Obama da aka buɗe a Washinton a 2018.

Wane zane za a kwaikwaya?

Nan ne ɗalibanmu da yawa ke yin kuskuren farko. Sukan tafi kai tsaye ga Mona Lisa saboda ita suka fi ji, alhali an yi ta ne da shafe-shafe masu tsananin siriri da suka ɗauki shekaru, kuma tsohon banish ya riga ya rine launinta. Ɗalibin da zai rayu da zana mutanen Kabi da Kano ya fi buƙatar ya ga yadda gwani ya yi da baƙar fata. Akwai zane biyu da suka dace da wannan buƙata.

Na farko shi ne hoton Juan de Pareja, wanda Velázquez ya zana a birnin Rum a 1650. Pareja bawansa ne mai jinin Afirka, wanda ke taimaka masa a ɗakin aiki. An ruwaito cewa Velázquez ya zana shi ne don ya motsa hannu kafin ya zana Fafaroma. A cikin wannan shekara ya sa hannu a takardar 'yanta shi, Pareja kuma ya zama mai zane na kansa. A 1970 aka sayar da hoton a Landan a kan fam miliyan 2.31, farashin da ba a taɓa sayen wani zane a gwanjo da shi ba kafin lokacin, yanzu kuma yana gidan tarihi na Metropolitan a New York. Tsawonsa kimanin santimita 81 ne. Amfaninsa ga mai koyo shi ne ƙarancin launinsa: toka-toka, da ruwan ƙasa, da farin wuyan riga, sai fuska. Wuyan rigar nan da ake gani daga nesa kamar saƙa mai ƙananan idanu, idan an matso kusa wasu 'yan shafe-shafe ne da aka yi da sauri.

Na biyu ya fi kusa da gida. Ayuba Sulaiman Diallo Bafulatani ne mai ilimi daga Bundu, a ƙasar Senegal ta yau. An kama shi a bakin kogin Gambiya aka sayar da shi bawa zuwa gonar taba a Maryland ta Amurka. Wata wasiƙa da ya rubuta da Larabci ce ta zama sanadin fansarsa, aka kai shi Landan a 1733, inda William Hoare ya zana shi da farin rawani da farar riga, da Alƙur'ani rataye a wuyansa cikin jan gafaka. An ruwaito cewa bai so a zana shi ba da farko, da ya yarda kuma ya dage sai da tufafin ƙasarsu, waɗanda mai zanen bai taɓa gani ba sai da aka kwatanta masa. Ya koma gida a 1734. Hukumar gidajen tarihi ta Ƙatar ta sayi hoton a 2009, aka kuma bar shi aro a gidan hotunan fuskoki na ƙasa da ke Landan. Mai son koyon zana rawani da fuskar da ta yi kama da ta mutanenmu zai samu abin yi a nan.

Ɗalibin Nijeriya ba shi da Louvre a kusa, don haka da hoton zane yake aiki. Tun 2017 gidan Metropolitan ya saki hotunan dubban ɗaruruwan kayansa a intanet kyauta. Sai dai a kula, fuskar waya haske take fitarwa, fenti kuwa haske yake karɓa ya mayar, saboda haka launin da ke waya ya fi abin da fenti zai iya bayarwa ƙyalli. Gara a buga hoton a takarda mai kyau, babba, a kafa shi daura da allon aiki a ƙarƙashin haske ɗaya.

Yadda aikin ke tafiya

Ana zane a kan kanbas, wato ƙyalle mai kauri na auduga ko lilin da aka ɗaure a jikin firam, ko kuma a kan allon katako. Da yawa daga zanen 'yan Zariya na farko a kan allo aka yi su, kuma ga mai koyo allon ya fi araha. Ko wanne ne, sai an fara shafa masa farin share fage sau biyu ko uku, domin mai yana cin zaren ƙyalle idan ya taɓa shi kai tsaye. Bayan nan a rine farin da launin toka ko ruwan ƙasa siriri. A kan fari tas ido yana ruɗuwa, kowane launi sai ya zama kamar ya yi duhu.

Daga nan sai auna fuska. A raba hoton gida-gida kamar gidajen dara, a raba allon haka, a riƙa ɗauko abin da ke kowane gida da gawayi ko siririn buroshi. Kamanni a awo yake. Idan tazarar da ke tsakanin ido da ido, ko tsakanin hanci da leɓe, ta kauce da faɗin ƙwayar gero biyu, wani mutum dabam ka zana, kuma babu launin da zai gyara wannan daga baya.

Mataki na gaba shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa: a zana fuskar gaba ɗaya da launi guda, ruwan ƙasa da fari, har haske da inuwa su zauna daidai. Idan hoton bai yi kama da mai shi a wannan mataki ba, a tsaya a gyara. Sai ya bushe sannan a shiga launi, kuma launi kaɗan ya isa. Anders Zorn na ƙasar Siwidin ya shahara da zana fuskoki da huɗu kacal: fari, baƙi, ja, da rawayar ƙasa. Ga fatar mutanenmu akan ƙara ruwan ƙasa mai duhu da shuɗi. Shuɗin nan da Turawan da ke sayen dutsensa da tsada daga Afganistan, tun wajajen 1828 aka iya haɗa shi a masana'anta, kuma ɗan'uwan bular da ake sa wa fararen kaya ne.

Babban darasin da Pareja ke koyarwa shi ne cewa baƙar fata ba ruwan ƙasa ba ce da aka zuba wa baƙi. Wanda ya yi haka fuskar za ta fito masa kamar laka. Fata mai duhu tana ɗaukar launin abin da ke kewaye da ita. Goshi da karan hanci sukan ɗauki sanyin sararin sama su yi shuɗi-shuɗi ko toka, kunci da leɓe da kunne su yi ja-ja, ƙarƙashin haɓa ya ɗauki hasken rigar da aka sa. Fuskar mai wankan tarwaɗa da ta wanda ya fi shi duhu ba yawan baƙi ne ya raba su ba, inda ɗumi da sanyi suka faɗa ne ya bambanta. Farin ido ma ba fari ba ne, toka ne mai ɗumi. Wanda ya sa masa fari tas zai samu mutum mai zare ido.

Akwai ƙa'ida guda da ba a karyawa: kowane shafi ya fi na ƙarƙashinsa mai. Shafin farko a sirka shi da tafentin ya yi siriri, na sama a ƙara masa linsid. Idan aka juya, na sama zai riga na ƙasa bushewa, na ƙasa ya ci gaba da motsi, fuskar zanen ta tsattsage kamar lakar bakin tafki bayan ruwa ya ja baya. Launuka ma ba sa bushewa tare. Ruwan ƙasa mai duhu kan bushe cikin kwana ɗaya ko biyu, baƙi da wasu ja da rawaya kan kai kusan mako. Banish, wanda ke kare zanen ya kuma fito da zurfin launinsa, ba a shafa shi sai bayan wata shida zuwa shekara.

Ƙura, laima da kayan aiki

Littattafan koyar da wannan sana'a ba a rubuta su don yanayinmu ba. A ɗauki matashin da ke Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, ko Yelwan Yawuri, a gaɓar tafkin Kainji da ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968. Mai yiwuwa ya riga ya iya riƙe buroshi, domin allunan shaguna da jikin manyan motoci da jiragen ruwa na katako duk da hannu ake rubuta musu suna da ado. Amma fentin gwangwani da ya saba da shi yana kamewa cikin sa'o'i, ba ya ba da damar narkar da launi, kuma yana saurin tsagewa a kan ƙyalle. Fentin masu zane kuwa sai an aika manyan birane.

Da hunturu, ƙura ce abokiyar gaba. Zanen da bai bushe ba yana kama ta kamar danƙo, kuma ba ta fita. A jingina shi fuskarsa na kallon bango da ɗan tazara, ko a kifa masa babban kwali. Da damina kuma, musamman a bakin ruwa, laima kan sa bayan ƙyalle ya yi fumfuna, saboda haka kada a jingina shi da bangon da ke tsatsafo da ruwa. Kada a shanya shi a rana tsaka don ya yi saurin bushewa. Kada kuma a kulle shi a ɗaki mai duhu, domin man linsid yana yin rawaya a duhu, ko da yake yakan washe idan ya sake ganin haske.

Idan linsid ya ƙare, akwai jarrabar a sirka da man gyaɗa ko man ja. Waɗannan ba sa bushewa ko an shekara, zanen zai zauna yana danƙo har ya lalace. Kananzir yana wanke buroshi, amma ba a sirka fenti da shi. Tsumman da ya jiƙe da linsid, idan aka dunƙule shi aka jefar a kwana, yana iya ɗumama har ya kama wuta da kansa, don haka a shanya shi a buɗe ko a tsoma shi a ruwa. Farin da gwanayen da suka yi aiki da shi na dalma ne, kuma wanda ya tuna yadda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon gargaɗi. Farin titaniyom na zamani ya wadatar.

Abin da malamai suka ce

Ba a maganar zanen fuska a ƙasar Hausa a tsallake wannan. Malamai da yawa sun tafi a kan haramcin zana duk wani abu mai rai da hannu. Sanannen ra'ayi a mazhabar Malikiyya, wadda ta fi rinjaye a nan, ya tsananta haramcin ne a kan mutum-mutumi cikakke mai inuwa, ya kuma sauƙaƙa hukuncin zanen da ke shimfiɗe zuwa karhanci ko ƙasa da haka. A tarihi ma an samu sarakunan Musulmi da suka zauna aka zana su, kamar Sarkin Daular Usmaniyya Muhammad na Biyu, wanda Gentile Bellini na Venis ya zana a 1480. Wannan mas'ala ce da mutum zai kai wa malaminsa. Wanda ya zaɓi ya kauce, dabarar ba ta ɓace masa ba, domin awo da haske da inuwa da jeranta shafi duk ɗaya ne ko tulu da ƙwarya za a zana, ko kwalekwale a bakin ruwa, ko soron Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19.

Kwaikwayo da jabu

Kama da wane ba ta wane. Abin da ya raba kwaikwayo da jabu shi ne sa hannu da abin da aka faɗa wa mai saye, kuma shi ne dalilin sharuɗɗan Louvre da aka ambata. Han van Meegeren ɗan Holan ya riƙa zana sababbin hotuna yana sayarwa da sunan Vermeer, har ɗaya ya faɗa hannun Hermann Göring na gwamnatin Hitila. An yanke masa ɗaurin shekara ɗaya a 1947, ya rasu kafin ya fara zaman. Al'adar masu gaskiya ita ce a rubuta a bayan allo cewa wane ne ya yi, yana bin aikin wane, da shekarar.

Akwai kuma doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare aikin mai zane har shekara 70 bayan rasuwarsa. Velázquez da Hoare sun daɗe da fita daga wannan, kowa na iya kwaikwayonsu ya sayar. Enwonwu kuwa a 1994 ya rasu, saboda haka sayar da kwaikwayon sanannen zanensa na Tutu ba tare da izini ba shiga haƙƙin magadansa ne. Ba ƙaramar dukiya ake magana ba: ɗaya daga cikin zanen Tutu guda uku da ya yi, wanda aka gano a wani gida a Landan, an sayar da shi a kan fam miliyan 1.2 a watan Fabrairun 2018.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da zai ba da aikin hoton mahaifinsa ko na maigidansa, haɗarin da ya fi kusa ba irin na Van Meegeren ba ne. Shi ne a buga hoto da na'ura a kan kanbas, a ɗan shafa masa fenti nan da can da banish, a karɓi kuɗin aikin hannu. Gane shi ba wuya. A haska fitilar waya daga gefe, kusan a kwance da fuskar zanen: a aikin hannu tudun fenti yana bin siffar abin da aka zana, a na na'ura kuwa fuskar sumul take, ko sawun buroshin ya ratsa ido da hula ba ruwansa. A duba da gilashin ƙara girma, bugun na'ura yana da ƙananan ɗigo-ɗigo. A nemi ganin aikin tun yana matakin launi guda. Wanda kuma ya ce zai kawo maka babban zanen mai a bushe, da banish a kansa, cikin kwana uku, ka tambaye shi da wane fenti zai yi.